Furen da Ba Ya Shan Ruwan Famfo

Kawuna mai gyaran esi ne, wato na'urar nan ta sanyaya ɗaki da ake maƙalawa a bango. A layinmu ba mai kiransa da sunansa, Mai Sanyi kowa ke ce masa, har yaran da suka fara magana jiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da sukundireba a aljihun gaba da tabon baƙin mai a gwiwar wando. In yana tafiya a titi ba mutane yake kallo ba, bangon gidaje yake kallo, kunnensa na kan injinan da ke maƙale a jiki. Sai ka ga ya tsaya cak ya ce wannan iskarta ta kusa ƙarewa, waccan kuma fankarta na kuka, mai ita bai sani ba tukuna.

Na koma gidansa da zama bayan na gama jami'a, don mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, ta ce a garinsu aka fi samun aiki. Aikin dai har yau shiru. Abin da na samu shi ne sabon suna, domin tun ranar da na sauke akwatina Kawu ya laƙaba min Digiri. Digiri miƙo filaya, Digiri shayin nan ya huce. Matarsa, wadda nake kira Anti, tela ce, kekenta na falo kusa da taga. 'Ya'yansu duk sun girma sun watse, saboda haka mu uku ne a gidan, sai kuma furanni.

A bayan gidan, tsakanin bangon kicin da katangar maƙwabta, akwai wani ɗan fili da bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba, kuma ta wani siririn lungu ake shigarsa. Nan Kawu ya kafa rumfa, ya rufe samanta da koriyar raga, ya rataya tsofaffin buhuna a gefe. A ciki tukwane ne jere a kan katako, wasu kuma rataye da waya. Okid ake kiran shukar. Ni kafin in zo gidan a hoton kalanda kawai na taɓa ganinta. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne babu ƙasa a tukwanen ko kaɗan, gawayi ne da ɓawon itace da tsingaro. Saiwoyin kuwa masu kauri, fari-fari, sun leƙo waje suna lilo kamar yatsun da ke neman abin kamawa. Kawu ya ce can inda ta fito a jikin itatuwa take maƙalewa, cikin kurmin da iskarsa ma a jiƙe take. Mu kuwa garinmu in kika shanya riga, kafin ki matse ta biyu ta farkon ta bushe.

Yadda abin ya samo asali, shekarun baya ne ya je cire esi a gidan wasu baƙi da za su tashi, ya ga wata tukunya a bakin shara da ganye biyu sun yi laushi kamar kunnen akuya. Ya ɗaure ta a bayan babur ya kawo gida. Ita ce yake kira Tsohuwa. Daga baya ya tara wasu, na kyauta da na musaya, kuma duk sun yi masa fure, farare da ruwan hoda da masu ɗigo-ɗigo. Tsohuwa kuwa ba ta mutu ba, ba ta kuma yi fure ba. Duk shekara sai ta fid da sabon ganye ɗaya ta koma ta yi shiru. Tunda ba ta da fure lokacin da ya tsince ta, ba wanda ya san kalar da za ta yi, har shi kansa. Shi dai ya kafe a kan fara ce. Anti kuma ta ce ciyawa ce kawai, baƙin nan sun san abin da suka yar.

Babbar matsalar okid a unguwarmu ruwa ce. Ruwan famfonmu na da zartsi, wanda duk ya leƙa cikin butar shayinmu zai ga farin ɓawo ya kama gindinta. Mu mun saba, amma saiwar okid da ta sha shi sai bakinta ya ƙone ya yi baƙi. Da damina Kawu na tarar ruwan sama a duro, to amma damina a wurinmu baƙuwa ce mai gaggawa, duron ba ya kai ko'ina. Ya ce wata rana yana aiki a ƙarƙashin wata esi, ruwan da ke ɗiga daga tiyonta ya dame shi a ƙeya, ya lakato ya ɗanɗana don haushi, sai ya ji babu gishiri ko alama. Tun daga ranar ya zama mai bin gidaje da jarka.

Kowace safiya kafin ya tafi aiki sai ya zagaya: kantin magani, shagon aski, ofishin wani lauya a saman bene, gidan wata malamar makaranta. Ko'ina ya ajiye 'yar jarka a ƙarƙashin tiyo, shi kuma in matatar esinsu ta toshe ya wanke musu. Da rani abin da ke taruwa bai taka kara ya karya ba, wani wurin ko kofi ba ya cika, shi ya sa sai an haɗa gida da yawa. Ya ce ruwan ba komai ba ne illa numfashin mutanen da ke cikin ɗakin, injin ne ke tatse shi. Wai shi ya sa jarkar shagon aski ta fi kowace cika, don nan aka fi surutu, ta lauya kuma ba ta cika sai ranar da ya yi baƙi. Anti ta ce ita dai kar ta ga jarkar nan kusa da kicin ɗinta.

Ba ya ba shukokin ruwa sai da safe, kuma ba kullum ba. Saiwa yake dubawa: in ta yi fari kamar azurfa tana jin ƙishi, in tana kore a ƙyale ta. Ba ya bari ko ɗigo ya kwanta a tsakiyar ganye, in ya kwanta sai ya tsane shi da ƙyallen da ya tsinto a gindin keken Anti. A ƙarƙashin tukwanen akwai farantai cike da tsakuwa da ɗan ruwa, don iskar wurin ta yi laushi, buhunan gefe kuma ana jiƙa su da ruwan famfo, tunda shi ba ya taɓa shukar. Ranar da ya fara nuna min, na ce ni tausayi suke ba ni, a wannan zafin a ce sai an ga dama za a ba ka ruwa.

Ya ce, "Digiri, a garin nan ba ƙishirwa ke kashe okid ba. Tausayi ke kashe ta."

Bana, da zafi ya fara kankama, Tsohuwa ta fid da wani siririn kara daga gindinta. Kawu ya shigo falo a guje ya ta da Anti daga kan keke, ta bar ɗinki a ƙarƙashin allura ta bi shi tana mita. Ta duba ta ce ai saiwa ce. Ya ce saiwa ba ta kallon sama. Kafin wani lokaci karan ya yi tsawo, ya jera 'yan ƙulle-ƙulle kore kamar ƙwayar wake. Mutumin da ke fita tun da sassafe ya koma sai ya leƙa rumfa ya dawo, ya hau babur, ya sauko ya sake leƙawa.

A cikin wannan murnar ya faɗo.

Ina tsaye a ƙofar gida ina duba waya ko wani ya kira ni aiki. Shi kuma yana kan tsani a jikin benen lauya, tsallaken titi, yana gyara bakin tiyo don ruwan ya daina zuba a gefen jarka. Ya dafa ƙarfen da ke riƙe da injin, ashe tsatsa ta cinye shi. Ƙarar da na ji ba zan iya kwatanta ta ba. Har yau in murfin tukunya ya faɗi a kicin sai na nemi bango na dafa. Na san na tsallaka titin, amma ban tuna tsallakawar ba. Mai aski da mai kantin magani ne suka ɗauke shi suka sa a tasi, ni ina riƙe da kansa a cinyata, ina ta kiran lambar Anti alhali tana zaune a gaban motar.

Muna cikin tafiya ya damƙe min wuyan hannu. Na sunkuya, na ɗauka wasiyya zai yi.

Ya ce, "Kar ki bar kowa ya ba su ruwa."

Ƙashin ƙugunsa ne ya karye. Aka yi masa aiki aka sa ƙarfe, aka kwantar da shi a ɗakin maza, gadon da ke jikin taga. Zagayen jarka ya dawo kaina, a ƙafa. Na iya duba saiwa, na iya tsane ganye, har na fara jin cewa zan iya riƙe amanar. Sai taransifomar unguwarmu ta ƙone. Layin gaba ɗaya ya yi tsit. Masu janareta sun tayar, amma ƙananan janareta ba sa ɗaukar esi, fanka kawai suke juyawa. Na bi jarkokin nan ɗaya bayan ɗaya, kowace a bushe ƙamas. Ɗan abin da ya rage a gida na riƙa auna wa Tsohuwa da murfin kwalba, sauran kuma na ba su haƙuri.

Ana haka yayan Anti ya zo dubiya ya sauka a gidanmu. Dogon dattijo ne, manomin albasa da tumatir a bakin kogi, mutum mai kirki wanda ba ya iya zama hannu rabbana. Kafin ya kwana biyu ya gyara ƙofar banɗaki ya wasa duk wuƙaƙen gidan. Wata safiya muka tafi asibiti ni da Anti muka bar shi zai biyo mu daga baya. Da muka dawo ɗaukar abincin rana muka same shi a bakin famfo yana wanke hannu, riga a kafaɗa, fuskarsa sai sheƙi take.

Ya ce ya leƙa baya ya ga abin da ya sosa masa rai. Shuka a cikin gawayi, saiwa tsirara a waje kamar marayu, tukwane a bushe. Ya san ba laifinmu ba ne, mai gida na kwance, mata kuma hidima ta yi musu yawa. Don haka ya haƙo ƙasa mai kyau daga bakin hanya, ya roƙo takin awaki a maƙwabta, ya cika kowace tukunya ya danna da kyau, sannan ya ba su ruwan famfo har sai da suka ƙoshi.

"Har mai karan nan?" in ji Anti.

"Ita na fi ba wa taki," in ji shi. "Mai ciki ai ita ke buƙatar abinci."

Anti ta yi masa godiya, ta ce Allah ya bar zumunci. Ni kuwa na shiga lungu na tsaya ina kallon baƙin ruwa na tsiyaya daga gindin tukwane. Garin gyaran gira an taɓa ido. Na ce wa Anti mu ɓoye wa Kawu, kar ciwo ya zame masa biyu. Ta ce in mun ɓoye, wa zai faɗa mana magani?

Ba mu ma sami damar faɗa ba, don da muka koma tare, dattijon da kansa ya zauna a bakin gado ya ba da labari tiryan-tiryan, har da yawan takin. Yayan matarsa ne, Kawu ba shi da bakin yi masa faɗa. Ya rufe ido, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya. An sha aiki." Sai da dattijon ya fita sayo lemo sannan ya buɗe idon ya dube ni. Na gyaɗa masa kai.

Ya ce dole yau ɗin nan a zazzage su duka, a wanke kowace saiwa tas, a mayar cikin sabon gawayi, in aka kwana taki da gishiri za su cinye su. Kuma wankin na son ruwa mai yawa, mai kyau. Na ce masa abin da ya rage a gida ko alwala ba zai yi ba. Sai ya ɗaga yatsa ya nuna taga, ya ce mu saurara.

Ɗis. Ɗis. Ɗis.

Asibitin na da babban janareta, esinsu ba sa hutawa. Masu shara sun ajiye bokitai a ƙarƙashin kowane tiyo don kar baranda ta jiƙe, in sun cika su juye a kwata. Kawu ya ce tun da aka kwantar da shi yake jin ana zubar da ruwan nan kowace safiya, kuma wallahi ya fi ƙugun yi masa ciwo.

Mai kula da ɗakin wata babbar nas ce da kowa ke kira Sista, mace mai tabarau a kan hanci wadda ba ta dariya sai ta juya baya. Dama suna 'yar tsama da Kawu, domin tun bayan aikin likita ya ce a fara tayar da shi tsaye, shi kuma ya ƙi. Kullum da dalili, yau jiri, gobe ƙafa ta yi nauyi. Ni kaɗai ya faɗa wa gaskiya, cewa in ya leƙa ƙasa daga bakin gadon sai ya ga ta yi nisa kamar yana kan tsani. Da ya roƙi Sista ruwan bokitai, ta dube shi ta saman tabarau ta ce nan asibiti ne ba rijiya ba. Ta ɗan yi tunani, sannan ta ce za ta bayar, amma kowane bokiti da farashinsa: ya sauko da ƙafa ya tsaya.

Ya tsaya. Zufa na keto masa, hannu ɗaya a kafaɗar Sista, ɗaya a ƙarfen gado, yana ce min, "Digiri, ɗauki na wajen tagar can, ya fi cika."

Da yammar nan muka baje a tsakar gida da robobin wanki. Anti ta ja yayanta gefe ta faɗa masa gaskiya cikin lallashi, cewa ya yi shuka a gonar da ba ta san alheri ba. Ransa ya ɓaci, ya ce shi tun kafin a haife ni yake noma bai taɓa jin shukar da ƙasa ke kashewa ba. Amma da ya ga yadda nake fizgar saiwa, sai ya ce in matsa. Hannun da ya saba cire dashen albasa bai karya ko saiwa ɗaya ba. Yana wankewa yana gunaguni, wai shukar da ba ta cin ƙasa, ba ta shan ruwan mutane, ita ma ba a cin ta, wannan ai sarauniya aka ajiye a bayan kicin.

Mun ceci mafi yawansu. Uku sun tafi, wasu sun zubar da ganye. Tsohuwa ba ta zubar da ganye ba, amma ƙulle-ƙullen nan suka fara yin rawaya suna faɗuwa. Kowace safiya nakan shiga lungun in tarar da wani a kan tsakuwa. Kullum kuma in tafi asibiti da kular abinci in dawo da jarka, har wani direban tasi ya tambaye ni ko wane irin ciwo ne ake ba mutum magani jarka guda. Daga ƙarshe ƙulli ɗaya ya rage, can a ƙarshen karan. Na daina ma numfashi da ƙarfi kusa da shi.

Shi bai faɗi ba. Ya yi ta kumbura, har wata safiya na shiga na tarar ya buɗe.

Na fito da gudu na ɗauko waya zan ɗauki hoto, sai na ji an zare ta daga hannuna. Anti ce. Ta tsaya ta kalli furen ta kalle shi, har na ga idonta ya kawo ruwa, sannan ta sa wayata a cikin jakarta. Ta ce ba hoto, ba ɗaukar tukunya zuwa asibiti, kuma duk wanda ya faɗa masa kalar ita da shi ne. Dalilinta shi ne Kawu ya tsaya a inda ya tsaya. Yakan miƙe don bokiti, amma ya ƙi ɗaga ƙafa ya taka, likita kuma ya ce ba sallama sai ya iya bin baranda da ƙarfen dogarawa, irin mai ƙafa huɗun nan da ake turawa gaba.

A bakin gadonsa ta zuba masa shayi, ta gyara masa filo, sannan ta ce, kamar mai ba da labarin farashin zare, "Tsohuwarka ta buɗe."

Ya kusa ɓarar da kofin. "Wace kala?"

"Kala mai kyau."

"Fara ce ko?"

"Tana nan a bayan kicin. Mai son gani ya san hanya."

Ya juyo kaina. Ya ce ni 'yar ƙanwarsa ce, jininsa, ba zan haɗa kai da bare a cuce shi ba. Ya ce in na faɗa masa zai daina ce min Digiri har abada. Na kusa karaya, sai Anti ta yi gyaran murya. Ya gwada yayanta, dattijon ya sosa gemu ya ce shi dai ya ga fure kamar fure. Kawu ya fi kowa sanin cewa irin Tsohuwa furenta ba ya daɗewa, balle a wannan zafin, ba wuta ba fanka. Ya juya fuska bango ya ƙi cin abinci.

A hanyar gida na kasa haƙuri. Na ce wa Anti wannan ai mugunta ce, in ya yunƙura ya sake faɗuwa fa? Na ce ni na ga faɗuwar farko, ba zan iya ganin ta biyu ba. Ta riƙe hannuna ta ce ita ma tsoron take ji, har ya fi nawa. Amma ta ga mahaifinta ya kwanta da ƙaramin ciwon ƙafa, aka yi ta tausaya masa ana kai masa komai bakin gado, bai sake tashi ba.

Washegari muka shiga ɗakin muka ga gado ba kowa. Sai wani majinyaci mai karyayyen hannu ya nuna mana baranda da haɓa. Ga Kawu can riƙe da ƙarfen, rigar asibiti ta jiƙe sharkaf, yana tura shi kaɗan yana jan ƙafa, Sista na gabansa tana tafiya da baya. Yana tafe yana mita, wai an haɗa baki da matarsa da 'yarsa da hukumar asibiti a kan maraya. Sista ta ce maraya mai furfura ya ɗaga ƙafa ya daina shara da ita. Ran nan bokiti na farko kawai ya kai ya dawo. Kashegari ya wuce shi.

Ni kuma a gida na koma mai gadin fure ɗaya. Ina jiƙa buhuna, suna bushewa, ina sake jiƙawa. Anti ta ƙara da tsofaffin zannuwanta a gefen da rana ke bugawa. Duk da haka na ga gefen furen ya fara laushi, wani ɗan wuri ya yi duhu kamar an ɗiga masa shayi. Ban faɗa wa kowa ba, na dai riƙa tambayar Sista yaushe ne, har ta ce in na sake tambaya za ta ba ni gado kusa da nasa.

Ranar da aka sallame shi, maƙwabta sun taru a ƙofar gida, mai aski har da rufe shago. An gyara masa kujera a falo da filo biyu. Ko kallonta bai yi ba. Ya amsa gaisuwa a tsaye, ya tura ƙarfensa ta tsakar gida ya nufi bayan kicin. A bakin lungun ƙarfen ya cije. Ya juya shi ta gefe, ya ƙi shiga. Duk cikinmu ba wanda ya taɓa tunanin lungun ya fi ƙarfen ƙunci.

Yayan Anti ya ce bari ya ɗauko tukunyar, ai ya cika sharaɗi. Anti ma ta ce a ɗauko. Ni na riga na juya zan shiga.

Kawu ya ce, "A bar ta inda take. Mai fure ba a motsa ta."

Ya saki ƙarfen. Ya dafa bango da hannun hagu, ya ɗora na dama a kafaɗar Anti, suka shiga a karkace, ita a gaba shi a baya. Na bi su hannuwana biyu a buɗe a bayansa. Lungun da nake wucewa kullum ban san yana da tsawo ba sai ran nan.

Furen rawaya ne, rawaya mai haske, faɗinsa kamar tafin hannun jariri, da ja mai duhu a leɓensa na ƙasa. Gefe ɗaya ya ɗan naɗe. Kawu ya tsaya a gabansa yana kallonsa, har dattijon ya shigo da kujerar roba ya ajiye masa, muka zaunar da shi a hankali.

Can ya ce, "Ashe rawaya ce." Ya girgiza kai yana murmushi. "Shekara da shekaru ina yi mata kallon fara."

Anti ta ce to ai gara shi, ita da ta ce ciyawa ce. Yayanta ya leƙo ta saman kafaɗarsu ya tambaya yaushe za ta yi 'ya'ya. Kawu ya ce ba ta yi, nan da ɗan lokaci furen zai bushe ya faɗi, shi ke nan sai kuma in Allah ya kai mu. Dattijon ya lissafa abin a ransa, sannan ya ce lallai mutanen birni na da haƙuri.

Kawu ya ce a kawo masa shayinsa nan, kuma a ce wa masu gaisuwa su shigo ɗaya-ɗaya, kar kowa ya taɓa komai. Anti ta tafi ɗora ruwa. Ni ina nan tsaye a bayan kujerar, ban ma san hannuwana na buɗe ba har lokacin. Bai waiwayo ba, idonsa na kan furen.

Ya ce, "Digiri, sauke hannun nan haka. Na zauna."